Tambari, Takobi da Wankan Sarauta: Ina Al'ada Ta Tsaya, Ina Shirka Ta Fara?

Duk lokacin da aka yi naɗin sarauta a ƙasar Kabi ko Zamfara, na sarkin yanka ne ko na hakimi, da an watse daga ƙofar fada sai gardama ta tashi a majalisu. Wani ya ce ya ga an fito da tsohon takobi an miƙa wa sabon sarki, ya ji an buga tambarin da ba a taɓawa sai da babban dalili, kuma an ce sarkin ya yi kwanaki a ɗaka bai fito ba, to me aka rage wa Maguzawa? Wani ya ce ai gadon kaka da kakanni ne, ga malamai nan ma a zaune suna addu'a. Su biyun duk kuɗin goro suka yi wa abin. Naɗi ayyuka ne da dama jere da juna, kowane da inda ya samo asali, kuma hukuncin wannan ba ya hawa kan wancan.

Tsufan abu dai ba shi ke mayar da shi gunki ba. A Suratul Baƙara, aya ta 248, Annabin Banu Isra'ila ya gaya musu cewa alamar sarautar Ɗalutu ita ce akwatin nan zai zo musu, a cikinsa akwai natsuwa daga Ubangiji da sauran abin da gidan Musa da gidan Haruna suka bari. Kayan gado ke nan, kuma Alƙur'ani da kansa ya kira shi alamar mulki. Zoben azurfa na Manzon Allah (SAW), wanda yake buga wa wasiƙu hatimi da shi, ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, har ya faɗa rijiyar Arisa. Babu sahabin da ya ce riƙe shi bautar zobe ce.

Amma a hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata magarya da mushirikai ke rataya makamansu a kai don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ. Suka roƙi a sanya musu irinta. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta roƙon nasu da na mutanen Annabi Musa da suka ce a yi musu abin bauta kamar na waɗancan. Rataya takobi a itace ba laifi ba ne, kowane matafiyi yana yi. Abin da suka ƙudurce game da itacen shi ne matsalar. Shi ya sa maganar Sayyidina Umar a gaban Hajarul Aswad ta zama ma'auni, da ya ce ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi ya sumbace shi ba da bai sumbata ba.

Daga nan tambayoyin da za a yi wa kowane kayan sarauta suke fitowa. Akwai ibadar da ake nufarsa da ita, kamar yanka, roƙo, bakance ko sujada? Me ake jin yana iya yi da kansa? Kuma, wadda ta fi tona asiri, me ake tsoron zai faru in an bar shi? In amsar ita ce "za a ce ba a cika al'ada ba, gidan su wane za su yi fushi", to magana ce ta al'ada da siyasar fada. In amsar ita ce "sarki ba zai shekara ba", to an shiga wani fage.

Rawani ba ya buƙatar dogon bayani. A ƙasar nan ma shi ne alamar masu addini kafin ya zama na masu mulki. Cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nema wurin Bawa Jangwarzo a filin idin Magami har da a girmama mai rawani, kuma da Sarkin Gobir Nafata ya tashi taka wa Jama'a, wato mabiyan Shehu, birki, rawanin maza da lulluɓin mata ya hana. Alkyabba tufa ce da ta zo ta hanyar fataken Sahara. Abin dubawa a kanta shi ne alharini tsantsa ko zaren zinari na gaske, waɗanda aka haramta wa maza, kuma ko an same su saɓo ne, bai kai shirka ba. Sandar girma kuwa, wadda wasu ke yi wa kallon tsohon asiri, ita ce ƙaramar ƙanwa a cikin kayan. Turawa suka kawo tsarinta a zamanin Lugga don bambanta darajar sarakuna, mai daraja ta ɗaya da kan azurfa, ta biyu da na tagulla. Yau gwamna ke miƙa ta, bayan masu zaɓen sarki sun kai sunaye an amince da ɗaya. Shaidar gwamnati ce kawai.

Tambari shi ke da magana. Kututturen itace ne mai ƙarfi da aka rarake, aka rufe bakinsa da fatar bijimi, aka ɗaure da igiyoyin fata, ana shafa masa mai don kada fatar ta bushe ta tsage. Ba a buga shi don kowa sai sarki, shi ya sa a da, in aka ƙwace wa sarki tamburansa a fagen fama, an gama da shi ko da ya tsira da ransa. Shehu bai yi masa hukunci ɗaya ba. A Kitabul Farƙi, inda ya jera halayen mulkin sarakunan Haɓe, ya soki shagala da kiɗe-kiɗe dare da rana ba dalili, amma ya ce Musulmi suna buga tambari don manufa ta shari'a, kamar tara runduna, sanar da tashinta ko saukarta, da shelar shigowar sallar idi. Bugun da ke sanar da gari cewa an yi sabon sarki bai yi nisa da wannan ba. Har tsakanin Shehu da ƙanensa Abdullahin Gwandu an sami saɓani kan kayan kiɗa, da sunayen sarauta, da sanya kayan ƙawa na ganima. Shehu ya sassauta a littafinsa Najmul Ikhwan, Malam Abdullahi ya tsananta a nasa littafin, Liya'us Sulɗan. Duk zafin Mai Gwandu a kan waɗannan abubuwa, muhawararsu ta halas da haram ce, da tsoron kada Jama'a ta koma son duniya. Ba su kira juna masu shirka ba.

Inda ake zamewa shi ne ranar ɗaurin tambari. Fata ta tsage, dole a nemo sabuwa, fata kuwa ba ta samuwa sai an yanka sa. In an yanka shi da bisimilla, aka raba nama, aka jeme fata, aka ɗaura, to ba shi da bambanci da yankan mahauta. Amma akwai alamomin da duk wanda ya san harkar zai gane yankan ya sauya alƙibla. A ce lalle sai baƙin bijimi wanda ba sofane, ko jan zakara, ba don kaurin fata ba. A ce sai tsakar dare, ko sai a gindin wata tsamiya. A tari jinin a zuba cikin tambarin ko a shafe shi da shi, a ce ana ba shi abincinsa. A hana cin naman, ko a kai wani yanki mararraba a ajiye. Wanda ya yi haka ya yanka wa mai tambarin ne, wato iskan da ake jin yana zaune ciki, ko da bakinsa ya ambaci sunan Allah a lokacin da wuƙa ke sauka. Hadisin Sayyidina Ali a Sahihu Muslim bai bar ƙofa ba: Allah ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Bisimilla tana halatta naman da aka yanka don Allah, ba ta wanke niyyar da aka karkatar.

Takobi, mashi, kwari da baka, tsohuwar hula ko zobe, kowace masarauta tana da nata. Katsina tana da Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau. Kano tana da tagwayen masu. A Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958, kuma duk mai so zai shiga ya ga takubba, masu, tambura da layun yaƙi na mutanen da. Miƙa wa sabon sarki irin wannan kaya yana nufin ga abin da magabatanka suka tsare ƙasa da shi, yanzu amana ta dawo wuyanka. Wannan ma'ana ba ta da aibi. Aibin yana shigowa sannu a hankali, ta bakin masu tsaron kayan, domin duk wanda abincinsa ke rataye da wani ɗaki a fada yana son ɗakin ya zama abin tsoro. Yau a ce ba a zare takobin sai an yi alwala. Gobe a ce in an zare shi bai ga jini ba sai annoba ta sauka. Jikoki su taso su tarar da doka, ba su san mafarinta ba. Haka Ibn Abbas ya bayyana asalin gumakan mutanen Annabi Nuhu, su Wadda da Suwa'a: sunayen mutanen kirki ne, aka kafa musu alamu don tunawa, da masu sanin dalilin suka mutu sai aka bauta musu.

Babu misalin da ya kai Dirki na Kano. Littafin tarihin Kano ya kawo cewa wani abu ne naɗe cikin fatu, ana yanka masa shanu in gari ya shiga tsanani. A zamanin Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, aka nemi shanu arba'in don Dirki, ya hana, ya sa aka sare shi da gatura. Da aka buɗe sai ga Alƙur'ani a ciki. Ka ga ke nan asalin abu mai tsarki ne, amma abin da ake yi masa ya zama tsafi, don ba a karanta shi, yanka ake yi masa. Juya misalin kuma ya tsaya daram: takobin da asalinsa na matsafa ne, in yau ba a yi masa komai sai goge tsatsa da fito da shi ran naɗi, ƙarfe ne.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan kaya ba. Ranar 6 ga Mayu 2023, da aka naɗa Sarki Charles na Uku a Ingila, kujerar da ya zauna a kai tana da wani dutse a ƙarƙashinta wanda sarakunan Sikotilan na da suke hawa mulki a kansa. Sarki Edward na Ɗaya ya kwaso shi a 1296, ba a mayar musu ba sai 1996, kuma aro shi aka yi don bikin. An shafa masa man zaitun da aka yi wa addu'a a Ƙudus, a bayan labule, ba a bari kyamara ta ɗauka ba. Dutsen alamar tarihi ne, shafa man kuwa ibada ce ta cocinsu, kuma su da kansu sun san bambancin. A nan ma haka ya kamata a rarrabe.

Wankan sarauta shi ne sashen da ba a gani, don haka shi ya fi tara jita-jita, kuma gaskiya shi ya fi kusa da tsohon addini. A masarautun Hausa da jihadi bai rushe tsarinsu ba, irin Maraɗi da Tsibirin Gobir a Nijar, an san ana ɗaukar sabon sarki tamkar ango, a sa masa lalle, a killace shi kwanaki, kuma a Gobir Inna, wadda ita ce uwar 'yan bori, tana da babban matsayi a fada. Ma'anar a da ita ce ana ɗaura wa sarki aure da ƙasa da iskokinta. Turawan farkon zuwa sun rubuta abin da aka ba su labari game da tsohuwar Katsina, cewa ana yanka baƙin sa a kan sabon sarki jinin ya zubo masa. Wannan ba ya buƙatar fatawa.

Sai dai sunan "wankan sarauta" ya wanzu a wuraren da abin cikinsa ya sauya, don haka sai an kwance shi gaɓa-gaɓa. Keɓewa ta 'yan kwanaki, inda dattawan fada ke koya wa sabon sarki yadda ake zama, da wa ke gaban wa a jeri, da abin da ba a faɗa a bainar jama'a, horo ne mai amfani. Saukar Alƙur'ani da sadaka alheri ne. Wanka da ruwan rubutu ko tofi yana cikin abin da malamai suka yi saɓani a kai, wasu sun halatta shi a babin ruƙiya, wasu sun ƙi. Saiwa da sassaƙe, in magani ne da aka san aikinsa a jiki, magani ne. In kuwa an ce wanka da su zai sa kwarjini ya kama duk wanda ya haɗa ido da sarki, to an riƙi abin da shari'a ba ta sanya shi sababi ba, jarrabawa ma ba ta tabbatar ba, wanda malaman tauhidi ke kira ƙaramar shirka, kuma takan girma in aka ƙudurce ganyen da kansa yake aikin. Laya mai ayoyi zalla tun magabata ake saɓani a kanta. Mai hatimi da sunayen da ba wanda ya san ma'anarsu, ko sunayen aljannu, ba saɓani a kan haramcinta. Turare don ƙamshi sunna ne. Turare don kiran mutanen ɓoye su zo su karɓi sabon sarki shi ne abin da aya ta 6 a Suratul Jinni ta yi magana a kai, mutane masu neman tsari wurin aljannu, ba su ƙara musu komai ba sai wahala.

Wuri ma yana da hukuncinsa. A garuruwa da yawa akwai dutse, ko gindin kuka, ko kufai, inda aka ce nan aka naɗa kakan farko, kuma ana son sabon sarki ya taka wurin. Wani mutum ya yi bakancen yanka raƙumi a Buwana, sai Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko akwai gunkin jahiliyya da ake bauta wa a can, ko wani idi nasu. Da aka ce babu, ya ce ya cika bakancensa. Abu Dawuda ya ruwaito. Aiki da wannan a fili yake. In wurin tarihi ne kawai, a je a tsaya a tuna. In an san a da matsafa ce, kamar yadda aka san duwatsu irin na Kwatarkwashi da tsohuwar al'adar Maguzawa, to ko ragon sadaka ne kada a yanka a can, a kai shi ƙofar fada ko masallaci. Haka ziyarar kaburburan sarakunan da suka gabata. A yi musu sallama, a roƙa musu gafara, sabon sarki ya ga inda shi ma zai kwanta. Da an ce "Kaka, ga jikanka, ka riƙa masa", an roƙi wanda ba ya ji balle ya amsa.

Abin mamaki, masu neman shirka a fada sukan tsallake wadda ke fitowa a baki kullum. Rantsuwar kama mulki da Allah ake yinta, Alƙur'ani a hannu, wannan daidai ne. Amma bafaden da zai ce "na rantse da rawanin sarki" ya faɗa cikin hadisin da ya hana rantsuwa da wanin Allah. Kirari irin su zaki, toron giwa, hadarin ƙasa maganin mai kabido, azanci ne, kowa ya san sarki ba giwa ba ne. Maroƙin da giyar kyauta ta ɗebe shi har ya ce sarki ke kashewa shi ke rayawa, ko ya kira shi sarkin sarakuna, sunan da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa shi ne mafi ƙasƙanci a wurin Allah, ya kamata Sarkin Fada ya tsawata masa nan take. Gaisuwa kuma hawa-hawa ce. Jinjina da durƙuso ladabi ne na ƙasa, ko da yake malamai da yawa sun ƙi sunkuyawar da ta kai kamar ruku'u. Zuba ƙasa a ka, wato afi, Shehu ya lissafa shi cikin miyagun al'adun sarakunan da. Kai goshi ƙasa haramun ne ko da gaisuwa aka nufa, tunda an hana Mu'azu ɗan Jabal yin haka ga Annabi kansa, kuma in bauta aka nufa ya zama shirka.

Hukunta aiki daban, hukunta mutum daban, kuma wannan ƙasa ta daɗe da sanin haka. Shehu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, yana karantar da mutanen da ke haɗa salla da yanka wa duwatsu, tun kafin a yi maganar yaƙi. Bayan jihadi ya kai Barno, Shehu Laminu Alkanemi ya rubuto yana cewa abin da ake tuhumar mutanensa da shi saɓo ne da jahilci, ana samun irinsa a wasu ƙasashen Musulmi, maganinsa karantarwa. Muhammadu Bello ya amsa cewa yanka wa itace da dutse kafirci ne, ya kuma adana wasiƙun a Infaƙul Maisur. Ko Alkanemi bai ce yankan halas ne ba, gardamarsu a kan hukuncin mai yi ce. Saurayin da ya ga hoton sarki riƙe da mashi ya yanke masa hukuncin ridda ya yi abin da waɗannan manya ba su yi ba, don bai san me aka yi ba, bai san me aka ƙudurce ba, bai kuma tsayar wa kowa da hujja ba.

Gyaran a hannun limamin gari da masu zaɓen sarki yake, kuma lokacinsa kafin ranar naɗi ne, ba bayan an gama ba. Liman ya kira mai kula da tambura da mai tsaron ɗakin kayan gado, ya tambaye su dalla-dalla: me za a yanka, wane launi, a ina, da wane lokaci, ina jinin zai tafi, wa zai ci naman, wa zai shiga ɗakin wanka, me zai karanta. Wanda ya ce, "Allah shi gafarta malam, sa ne dai za mu yanka mu ɗau fata, naman na almajirai ne," an gama da shi. Wanda ya sunkuyar da kai ya ce, "Wanga ba a faɗi, haka muka iske," to nan ne aikin yake, kuma galibi in sarki mai jiran gado ya ce ba ya so, a nan abin ke mutuwa, don ba mai tilasta masa.

Mafi yawan abin da ya kai shirka a harkar sarauta a yau ma ba ya cikin kayan gado. Yana faruwa ne a makonnin da kujera take ba kowa, sunaye suna teburin gwamna, 'ya'yan sarki da magoya bayansu suna zarya tsakanin masu duba da bokaye, ana bugun ƙasa, ana binne layu a ƙofar gidan abokin takara, ana kai baƙin bunsuru mararraba da tsakar dare. Ranar naɗi kuwa sai a fito da tsohon takobi a goge shi, a miƙa, a mayar da shi kube, jama'a su koma gida suna gardama a kansa.